Otokilef: Amsoshin Tambayoyin da Aka Fi Yi a Kan Dafa Kayan Lab da Tururi

Duk shekara ɗalibai na shigowa ɗakunan gwaje-gwaje na Kaduna neman sanin makamar aiki, wasu daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wasu daga jami'ar jiha, wasu daga kwalejin kiwon lafiya ta Maƙarfi. Kusan kowa da hadda ɗaya yake zuwa: zafi digiri 121, matsi psi 15 (psi ma'aunin matsi ne), minti 15. Haddar daidai ce, sai dai ba ta kai mutum gida. Tambayoyin da ke ƙasa su ne ke tasowa bayan an tsaya a gaban otokilef, wato tukunyar da ke kashe ƙwayoyin cuta a jikin kayan aiki da tururi mai matsi, kuma amsoshin sun fi karkata ga irin otokilef ɗin da aka fi samu a ƙananan lab na Tudun Wada, Kawo, Rigasa da Sabon Tasha, wato mai murfi a sama, mai ƙusoshin ɗaurewa da bawul da geji mai nuna matsi.

Malam, me zai hana a tafasa kayan kawai a huta?

Tafasawa tana kashe mafi yawan ƙwayoyin cuta, amma ba duka ba. Akwai bakteriya da in sun ji wuya sai su naɗe kansu cikin ɓawo mai tauri da ake kira sifo, mai kawo tetanas ma na cikinsu. Wasu daga cikin irin waɗannan suna jure tafasa na sa'o'i. Ruwa kuwa a buɗaɗɗiyar tukunya ba ya wuce digiri 100 komai wutar da aka zuga masa. A Kaduna ma bai kai nan ba, wajen 98 yake tafasa, domin garin yana kan tudu, kusan mita 600 sama da teku. In aka rufe tukunya ruf, tururi ya rasa mafita, matsi ya hau, sai zafin da ruwan ke tafasa a kai ya bi shi sama. A kan wannan dabara Charles Chamberland, abokin aikin Louis Pasteur a Faris, ya ƙera otokilef a 1879.

Kuma ba zafin kaɗai ba ne. Tururi in ya taɓa abin da bai kai shi zafi ba sai ya koma ruwa, a nan take ya sauke zafi mai yawa a jikin abin, ya daskarar da furotin ɗin ƙwayar. Shi ya sa aikin da tururi ke gamawa cikin minti 15 a digiri 121, tanda mai busasshen zafi sai ta yi awa 2 a digiri 160.

Geji ya nuna 15. Ai shi ke nan zafi ya kai 121, ko?

A nan aka fi yin asara, don haka bari mu ɗan daɗe a kai. Geji matsi yake aunawa, bai san bambancin matsin tururi da na iska ba. Matsi kuma ba ya kashe komai, hanya ce kawai ta ɗaga zafin tururi. Psi 15 na zama digiri 121 ne idan tururi zalla ne a cikin tukunyar. In rabin iskar da aka rufe murfi da ita tana nan, allurar geji za ta hau 15 lafiya lau, amma zafin bai wuce 112 ba. In ba a fitar da iskar ba sam, wajen 100 za a samu. An ƙona wuta, an ɓata lokaci, an fito da kaya ana zaton sun dahu.

Saboda haka a tukunyar hannu, bayan an zuba ruwa daidai alamar da aka yi masa, an jera kaya, an ɗaure ƙusoshin murfi biyu-biyu masu fuskantar juna don ya zauna daidai, sai a bar bawul ɗin fitar da iska a buɗe a kunna. Da farko za ka ji yana tofi, yana fesa tururi yana yankewa. Wannan iska ce gauraye da tururi, kada ka taɓa. Jira sai ya miƙe yana fita da ƙarfi ba yankewa, ka ba shi minti 5 zuwa 7 a haka, sannan ka rufe. Mai son tabbaci ya sa tiyon roba a bakin bawul ɗin, ya tsoma ɗaya bakin cikin bokitin ruwan sanyi. Muddin kumfa na tasowa sama, da sauran iska. Tururi zalla ba ya kumfa, yana shiga ruwan yake narkewa da wata ƙara ƙas-ƙas. Da ka ji ta, cire tiyon ka rufe bawul.

Akwai kuma wani abu da littattafan da aka rubuta a bakin teku ba su cika faɗa ba. Geji yana auna abin da aka ƙara ne a kan matsin iskar waje, matsin iskar Kaduna kuwa bai kai na Legas ba. Don haka psi 15 a nan kusan digiri 120 yake bayarwa ko da an kori iska tas. Digiri ɗaya ba ƙaramin abu ba ne a wannan aiki. Maganinsa a ƙara kusan psi 1, a kai 16. Wanda aiki ya kai shi Jos sai ya ƙara kusan 2. Na'urar da ke bin ma'aunin zafi da kanta ba ruwanta da wannan lissafi. A ganina ma, duk wanda zai saya wa lab otokilef ya ga geji kawai ba ma'aunin zafi, ya ajiye ta ya nemi wata.

In gejinka da MPa aka rubuta shi, kamar yawancin waɗanda ake kawowa daga Sin, 0.1 da ɗan ɗoriya shi ne psi 15, kusan 0.2 kuma shi ne psi 30.

Daga yaushe ake fara ƙirga minti 15 ɗin?

Daga lokacin da zafi ya kai 121, ba daga kunna wuta ba, ba kuma daga rufe bawul ba. Asali ma zafin da ake nufi na tsakiyar kayan ne, ba na sararin tukunya ba, kuma tsakiyar kaya kullum a baya take. Zagaye guda, da hawa da tsayawa da sauka, yakan ci awa ɗaya ko fiye. Wanda ya ce maka ya gama cikin minti 25 da kunnawa, tambaye shi inda ya yanke.

Na'urarmu tana da 121 da 134. Wanne za mu zaɓa, kuma minti nawa?

Zafi da lokaci musaya suke yi. Mafi ƙarancin lokacin da aka sani shi ne minti 30 a digiri 115, minti 15 a 121, minti 10 a 126, minti 3 a 134. Amma waɗannan na abin da tururi ya riga ya ratsa ne. Abin tambaya shi ne me aka sa a ciki, kuma ta yaya na'urar ke korar iska.

Iri biyu ne. Akwai wadda tururi ke shiga ya danne iska ya tura ta waje, tunda iska ta fi shi nauyi. Akwai kuma mai famfo, wadda ke zuƙe iskar sau da yawa kafin ta saki tururi. A ƙananan na'urorin kan tebur, mai harafin B ita ce mai famfo, mai harafin N kuwa ta kayan ƙarfe ce marasa naɗi kuma marasa rami.

A na'ura marar famfo, almakashi da hantsaki da kwalaben da ba a naɗe ba suna yi a 121 minti 15 zuwa 20. Waɗanda aka naɗe da ƙyalle ko takarda, da durom ɗin auduga da gozi, minti 30 ne a 121, sannan a busar. A mai famfo, naɗaɗɗun kaya suna yi a 134 cikin minti 3 zuwa 4, shi ya sa manyan asibitoci masu yawan tiyata suka fi son ta. Kada a kwaikwayi wannan gajeren lokaci a tukunyar da ba ta da famfo, iska na nan maƙale a cikin naɗin, minti 4 ba za su kore ta ba. Abu mai dogon rami kamar tiyo ma sai mai famfo.

Ruwa-ruwa da midiya, wato abincin da ake shuka ƙwayoyin cuta a kai, 121 ne kullum ko ƙasa da haka. Roba ma 121. Akwai zagayen 134 na minti 18 a wasu na'urori, na kayan da ake zargin sun taɓa firiyon ne, wato furotin ɗin nan mai cin ƙwaƙwalwa. Ba na aikin yau da kullum ba ne.

Nawa za a iya lodawa a ciki? Oga ya ce wuta tsada, a cika ta.

Duk wadda ta taɓa turara dambu ta san in aka danna shi a madambaci, gefe zai nuna tsakiya ta fito ɗanya. Haka nan ma. A bar rata tsakanin ƙunshi da ƙunshi, kada kaya su taɓa bangon tukunya ko su nutse a ruwan ƙasa. Almakashi da duk abu mai gaɓa a buɗe shi. Kwano da kwalba marasa komai a kwantar da su ko a kife su a karkace, in suna tsaye iska na kwanciya a cikinsu ta ƙi fita. Ramukan gefen durom a buɗe suke shiga, ana fitowa a rufe. Kuma ba a haɗa kaya masu tsabta da shara a zagaye ɗaya. A gaya wa oga cikin ladabi cewa lodi biyu da suka dahu sun fi arha a kan guda ɗaya da za a sake, ko wanda zai ɓata sakamakon majinyaci.

Na buɗe na tarar aga, wato midiyar nan mai daskarewa, ta yi ambaliya, kwalabe rabi-rabi, audugar bakinsu ta jiƙe. Me ya faru?

An saki bawul da wuri. Ruwan da ke cikin kwalba yana digiri 121 bai tafasa ba ne saboda matsin da ke danne shi. Da aka cire matsin farat ɗaya, sai ya tafasa gaba ɗaya ya yi tsiri. Abin da ya zube ƙasa kuwa in ya huce daskarewa yake, ya toshe magudana.

Ƙa'idar ruwa-ruwa ba ta da yawa, amma ba a tsallake ko ɗaya. Kwalba kada ta wuce kashi 2 cikin 3, aga ma gara rabi. Murfi mai zare a sassauta shi rabin juyi, kwalbar da aka ɗaure tam tana iya fashewa. A jera su cikin tire mai zurfi. Lokaci na cika a kashe wuta a ƙyale matsi ya sauka da kansa har sifili, in na'ura ce mai zaɓi a danna zagayen ruwa, wanda ke sauke matsi sannu a hankali kuma ba ya busarwa. Ko geji ya koma sifili, ruwan da ke cikin babbar kwalba yana iya zarce digiri 100, girgiza kaɗan ta isa ta sa shi tashi a hannunka. A jira ya sauka ƙasa da 80.

Girman kwalba ma yana canja lissafi. Lita ɗaya a kwalba guda tana iya cin kusan minti 20 kafin tsakiyarta ta kamo zafin tukunya, lita 2 ta fi haka. In ka ƙara lokaci don tsakiya ta dahu, gefe ya sha wuta fiye da kima. Hanya mafi sauƙi ita ce a raba midiya cikin kwalaben mil 250 zuwa 500, masu girma ɗaya, a dafa su tare. Kada a haɗa ƙananan bututu da babbar kwalba, lokacin da ya dace da ɗaya zai cuci ɗaya.

Midiyata tana fitowa da duhu, wani lokaci ma ba ta daskarewa sosai.

Ta dahu fiye da kima, ko an bar ta a tukunya mai zafi bayan an gama, ko an maimaita mata dahuwa. Sukarin da ke ciki ne ke ƙonewa ya haɗu da furotin ya yi ruwan ƙasa, kuma hakan yana hana wasu ƙwayoyin tsirowa. Aga kuma in midiyar tana da tsami, zafi mai tsawo yana karya ta.

A karanta jikin gwangwani, kamfani ya rubuta komai. Midiya irin su MacConkey da CLED da Mueller-Hinton duk 121 ne minti 15. Amma XLD da TCBS, wadda ake neman ƙwayar kwalara da ita, ba sa shiga otokilef ko kaɗan, narkar da su ake yi a tafasa kawai. Ɗalibi mai ƙwazo yakan jefa su ciki don neman ƙarin tsabta, ya wayi gari da farantin shuka ƙwayoyi marar amfani. Jini sai gindin midiya ya huce zuwa digiri 45 zuwa 50 ake zuba shi. Maganin kashe bakteriya da yuriya da ruwan jini ba sa jure zafi, tace su ake yi da matata mai ramin maikuron 0.22 a zuba daga baya.

An ɗauke wuta saura minti 5. In janareto ya tashi, sai mu ƙarasa biyar ɗin?

A'a. In zafi ya sauka ƙasa da 121, ƙirga ya rushe, daga farko za a sake. Kayan ƙarfe da kwalabe da shara ba abin da zai same su. Midiya ce ke shan wahala, don dahuwa biyu na ɓata ta, in ta yi duhu a zubar a haɗa sabuwa. Dabarar da ta fi ita ce kada a fara zagaye sai an san akwai abin da zai riƙe shi har ƙarshe, kuma a duba kilowat ɗin da aka rubuta a jikin na'urar, domin hita tana jan wuta sosai, ƙaramin janareto ba ya ɗaukar ta. Shi ya sa lab da yawa ke ajiye tukunyar da ake ɗorawa a kan gas. Tana aiki sarai, in dai akwai mai tsayawa a kanta yana daidaita wuta, allura ba ta sauka ba ta kuma zarce.

Tukunyar matsi ta kicin fa?

In tana kai psi 15 kuma an gwada ta an ga tana kashe sifo, tana fitar da mutum kunya a ƙananan kaya. Da yawa daga cikin na kasuwa ba sa kaiwa, musamman masu lantarki, kuma ba su da geji balle ka sani.

Salatif ɗin otokilef da ake manna wa ƙunshi ya yi baƙaƙen layuka. Ba shaida ba ce cewa kaya sun dahu?

Shaida ce cewa ƙunshin ya shiga zafi, don kada a rikita shi da wanda bai shiga ba. Iyakarta ke nan. Layukan suna fitowa tun kafin lokaci ya cika, kuma a bayan ƙunshi suke, ba su san abin da ke ciki ba. Wadda ta fi ita ce 'yar takardar gwaji da ake sakawa a tsakiyar ƙunshi, mai sauya launi sai zafi da lokaci da tururi sun haɗu.

Gwajin da ba gardama a kansa shi ne na sifo. Ana sayar da 'yan kwalabe ɗauke da sifon Geobacillus stearothermophilus, wanda ya fi ƙwayoyin da ke cutar da mutum jure tururi. A sa ɗaya a inda tururi ya fi wahalar kaiwa, tsakiyar lodi ko ƙasa kusa da magudana. Bayan an gama a fasa 'yar kwalbar cikinta, a sa a inkubeta, wato akwatin ɗumi na renon ƙwayoyi, mai digiri 55 zuwa 60, tare da wata da ba a dafa ba. A lura, ba inkubetar 37 ta kullum ba, a can ko sifon na raye ba zai tsiro yadda ya kamata ba, sai a yi murnar banza. Bayan awa 24 zuwa 48, wadda ba a dafa ba ta koma rawaya, dafaffiyar ta tsaya a launinta na shunayya. In dukansu sun yi rawaya, a dakatar da na'urar, a janye kayan da aka dafa tun daga gwajin ƙarshe da ya yi kyau. A yi wannan aƙalla sau ɗaya a mako, da kuma bayan kowane gyara.

Masu na'ura mai famfo suna da ƙarin gwajin Bowie-Dick, wanda aka fito da shi a 1963. Kowace safiya ake yin sa a na'ura ba kaya, a 134 minti 3 da rabi, don a ga ko famfo na zuƙe iska tas. Duk wannan a rubuta a littafi: kwanan wata, abin da aka dafa, zafi, lokaci, sakamako, sa hannu. Ranar da masu duba lab daga hukumar MLSCN, mai kula da aikin lab na asibiti a Najeriya, suka zo, ko ranar da faranti suka fara tsirar da abin da ba a shuka ba, littafin ne zai yi magana.

Sharar lab, kamar farantan da aka shuka da kofunan majina, ita ma minti 15 ne?

Ba ta yi. Shara ita ce lodi mafi wuyar dahuwa, ga leda ta kange tururi, ga iska cunkushe, ga farantai da ke narkewa su dunƙule. A ba ta aƙalla minti 30 a 121, jaka mai nauyi kuwa awa ɗaya. A yi amfani da jakar da aka yi don otokilef, kada ta wuce kashi 2 cikin 3, a zuba kamar kofin ruwa ɗaya a ciki don tururi ya tashi daga can, a bar bakinta a sake, a zaunar da ita a cikin bokitin ƙarfe. Wanda ya ƙulle bakin jaka tam, iska ya dafa. Mai aiki da majinar masu tarin fuka ya fi kowa bukatar kiyaye wannan.

Me ba a sakawa ko da wasa?

Duk abin da aka jiƙa da bilic, Hypo ne ko Jik, domin yana sakin iskar kulorin yana kuma cin ƙarfen tukunya. Haka sifirit da fomalin da duk abu mai kama wuta. Mai da Vaseline da hoda ba haɗari ba ne, amma tururi ba ya ratsa su, nasu tanda ce. A roba a duba gindi: mai alamar PP da lamba 5 tana jurewa, gorar ruwan sha da ledar kasuwa da farantin roba kuwa narkewa suke. Kwalba a nemi irin Pyrex, mai tsaga ko yaya take a ajiye ta gefe.

Ruwan burtsatse zai yi?

Zai yi tururi, amma gishirin da ke cikinsa zai riƙa taruwa a jikin hita har ta ƙone, ya toshe bawul, ya bar tabo a kan kayan ƙarfe. Tataccen ruwa na distila shi ne daidai. Masu sayen ruwan batir su yi hattara, a shago ɗaya ake sayar da shi da mai asid. A duba ruwa kafin kowane zagaye, a zubar da na ciki a wanke tukunya duk mako.

Ƙunshi yana fitowa da danshi, musamman da damina. A shanya shi?

Ƙunshin da ya fito a jiƙe ba a lissafa shi cikin masu tsabta, domin danshi hanya ce da ƙwayoyi ke bi su ratsa ƙyalle ko takarda. Sake naɗewa za a yi a sake dafawa. Galibi lodi ne ya yi yawa, ko an gajarta busarwa, ko an ɗauko ƙunshi da zafinsa an aza a kan tebur mai sanyi ya yi gumi. A ba shi minti 15 zuwa 30 na busarwa. A tukunyar hannu, bayan matsi ya sauka a ɗan ɗaga murfi kaɗan a bar zafin da ya rage ya busar da kayan. A watan Agusta sai an ƙara haƙuri. Da hunturu kuma matsalar ƙura ce, a sanyaya kaya nesa da taga, a adana a rufaffen kabad.

Tururi na fita ta gefen murfi. A ƙara ɗaure ƙusoshi?

Ba a taɓa ƙusa da matsi a ciki. A kashe, a jira geji ya koma sifili, a buɗe bawul, sannan a duba robar murfi. Ko datti ya maƙale, ko ta bushe ta tsage, ko ba a ɗaure murfin daidai ba tun farko. Robar da ta mutu sauya ta ake yi, ba a cusa mata tsumma. Bawul ɗin kariya kuma, wanda ke yin tsaki da kansa in matsi ya wuce kima, ba a ɗaure shi da waya ko a ɗora masa nauyi don ya yi shiru. In yana yawan tashi, wuta ce ta yi yawa ko shi ne ya lalace, a kira mai gyara.

Wajen buɗewa a sa safar hannu mai kare zafi, ba ta roba ba, da tabarau da rufaffen takalmi. A ɗaga murfin ta can gefen da ke nesa da kai yadda zai kare maka fuska, a ba tururi minti 10 ya fice kafin a sa hannu.